Kundin aiki: bibiyar ruɓewar rauni bayan buɗaɗɗiyar karayar ƙwauri

14 Janairu 2025

Kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ya amince da tsarin aikin, yau kuma muka buɗe rajista. Tambayarmu ɗaya ce. Idan mutum ya karye a ƙwauri har raunin ya kai ga ƙashi, me ya fi hana wurin ruɓewa: saurin allurar farko ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko tsadar maganin da yawan kwanakin da aka ɗauka ana yin ta? Ƙwauri muka zaɓa domin gabansa fata ce kawai a kan ƙashi, babu tsokar da za ta kare shi, kuma a cikin dogayen ƙasusuwa shi ya fi yawan karyewa a buɗe.

Muna ɗaukar wanda ya kai shekara 18, bayan an karanta masa takardar yarda da Hausa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaida. Wanda ya zo ba ya cikin hayyacinsa, a yi masa magani yadda ya kamata, in ya farfaɗo a nemi yardarsa.

Ana karkasa rauni bisa tsarin Gustilo da Anderson na 1976, da ƙarin da aka yi masa a 1984. Mataki na I, raunin bai kai santimita 1 ba kuma ba shi da datti. Na II, tsakanin santimita 1 da 10. Na III shi ne wanda nama ya dagargaje: IIIA akwai sauran naman rufe ƙashi, IIIB sai an ɗauko nama daga wani wuri, IIIC babbar jijiyar jini ta tsinke sai an gyara ta. Ba a rubuta mataki a sashen gaggawa. Ƙaramin huji a fata yakan ɓoye mataccen nama mai yawa, don haka sai a ɗakin tiyata, bayan an yanke duk abin da ya mutu, likita zai cike wannan gurbi.

Kalmar "ya ruɓe" ma mun ɗaure ta da ma'aunin da masana suka amince da shi a 2018: hujin da ya haɗa waje da ƙashi ko ƙarfen da aka sa a ƙashin, ko mugunya, ko ƙwayar cuta iri ɗaya a samfuri biyu da aka ɗebo daban daga cikin zurfin rauni. Ja da kumburi da zazzaɓi alamun zargi ne kawai. Za a duba kowa a kwana na 30 da na 90.

3 Fabrairu 2025

Matsalar farko agogo ce. A cikin fayil ana rubuta cewa an ba da allura, amma lokacin da ke gefen rubutun lokacin da likita ya rubuta maganin ne. Tsakanin wannan da shigar magani jijiya akwai doguwar hanya: mai jinya ya karɓi takarda, ya nemo kuɗi, ya bi layin biya, ya je kantin magani, ya dawo ya nemi nas. Idan aka yi lissafi da lokacin rubutu, kowa zai fito kamar ya samu allura da wuri, sakamakon kuma ya zama ƙarya.

Yanzu fom ɗin yana da gurabe uku: lokacin haɗari, lokacin isowa, da lokacin da aka tura maganin a jijiya. Nas ɗin da ya yi allurar shi ke cike na ukun, a gefen gadon, da agogon wayarsa, don agogon bango ba a cika samunsa daidai ba.

Lokacin haɗari ya fi wuya. Ba mai duba agogo yana kwance a titi. Abin da mutane ke faɗa shi ne "bayan La'asar" ko "ana kiran Magariba". Mun liƙa jadawalin lokutan salla na wata a kan teburin rajista domin a mayar da wannan zuwa awa da minti. Hanya mafi inganci kuma ita ce a roƙi mai jinya ya buɗe wayarsa a ga kiran farko da aka yi masa bayan haɗarin. An ƙara gurbi na nuna inda aka samo lokacin, waya ko salla ko ƙiyasi, domin a iya ware su ranar lissafi.

Dalilin nacewa a kan mintuna: Patzakis da Wilkins, a 1989, sun duba buɗaɗɗiyar karaya fiye da 1,100, suka ga ruɓewa kashi 4.7 cikin 100 a waɗanda suka samu magani cikin awa 3, da kashi 7.4 a waɗanda suka wuce haka. Wani nazari na 2015 a Amurka, kan karayar ƙwauri mataki na III, ya nuna haɗarin ruɓewa yana hawa idan an wuce minti 66. Ƙa'idar likitocin ƙashi na Birtaniya ta ce a yi allurar cikin awa 1 da jin rauni.

24 Fabrairu 2025

Ba a fafe gora ranar tafiya. An ajiye akwati a sashen gaggawa, mabuɗinsa a hannun shugaban nas na kowane juyi, kuma ana yin allura kafin maganar biya. A cikinsa akwai cefazolin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kwalbar giram 1, ruwan haɗa allura, sirinji, kanula (ɗan bututun da ake sawa a jijiya) lamba 16 da 18, tranexamic acid mai rage zubar jini, auduga mai raga, da ruwan gishirin asibiti. Rigakafin tetanus yana firji, tsakanin digiri 2 da 8, kuma idan ya daskare ya lalace.

Tsarin shi ne cefazolin giram 2 a jijiya ga babba, giram 3 ga wanda ya kai kilo 120, sannan a ci gaba duk bayan awa 8. A ɗakin tiyata ana maimaitawa idan aiki ya kai awa 4 ko jinin da ya zuba ya wuce lita 1.5. Mataki na III ana ƙara gentamicin miligiram 5 ga kowane kilo, sau ɗaya a rana. Wanda jikinsa ya taɓa yin mummunar ƙin penicillin, clindamycin ake ba shi. Mai zubar jini sosai yana samun tranexamic acid giram 1 cikin minti 10, da wani giram 1 cikin awa 8, muddin ba a wuce awa 3 da haɗari ba, kamar yadda gwajin CRASH-2 na 2010 ya nuna.

Gentamicin yana buƙatar hattara. Mutumin da ya zubar da jini, hawan jininsa ya faɗi, ƙodarsa ta riga ta wahala. Idan aka haɗa masa gentamicin da diclofenac don zogi, an tara mata nauyi biyu. Duk wanda zai samu allurar gentamicin ta biyu sai an ga sakamakon gwajin ƙodarsa da yawan fitsarinsa.

Raunin kansa ana ɗaukar hotonsa sau ɗaya, a cire ciyawa ko tsakuwar da ake gani, a rufe da auduga mai raga da aka jiƙa da ruwan gishiri, a ɗaure ƙafa da abin tallafi. Kowane likita da ya zo ya kalli hoton, kada ya buɗe. Ana duba bugun jini da jin taɓawa a yatsu kafin a miƙe ƙafar da bayan an miƙe.

Abin da ke kawo cikas shi ne samun cefazolin. Ceftriaxone yana kowane kemis, shi kuwa sai an yi oda. A rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2017, cefazolin yana cikin magungunan sahun farko, ceftriaxone yana cikin waɗanda ake sa wa ido domin suna saurin haifar da ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. Ranar da cefazolin ya yanke, co-amoxiclav giram 1.2 ne madadinsa a tsarinmu. Idan babu shi ma, a yi ceftriaxone nan take a rubuta dalili, don jira ya fi illa. Sai dai kada a tura shi ta layin da ruwan Ringer ke tafiya, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan yana sa shi yin gudaji.

17 Maris 2025

Kaso mai yawa na masu zuwa sun fara biyawa wajen mai ɗori ko kemis. Idan aka ce "ka je wajen mai ɗori?" amsar a'a ce, domin mutum yana tsoron faɗa. Idan aka ce "Malam, wane taimako aka fara yi maka kafin ka iso?" sai labari ya fito duka. An canza tambayar a fom. Ana kuma roƙon mai jinya ya kawo ledar magunguna har da fankon, domin suna ba ya tsayawa a kai. Ampiclox ya fi yawa, sai kafson nan ja da yalo na tetracycline, wanda ake fasawa a barbaɗa a rauni. Wannan yana da muhimmanci ga ɗakin gwaji: samfurin wanda ya sha magani yakan ƙi tsirar da ƙwayar cuta a gwaji alhali ciwon yana nan.

Ɗori mai tsauri kan ƙwaurin da ke kumbura yana matse jini a cikin tsoka. Alamar farko zogi ne da ya wuce misali, wanda ke ƙaruwa idan aka lanƙwasa yatsun ƙafa. Jin bugun jini a ƙafa ba ya kore wannan, don bugu a ƙarshe yake ɓacewa. Masu ɗori suna kusa da jama'a kuma an yarda da su, saboda haka saƙon da muke aika musu ta hannun masu unguwanni gajere ne: duk karayar da ke da jini a fata, ko da ɗigo ne, a turo ta asibiti a ranar.

Muna cikin azumi. Waɗanda aka sallama da maganin sha na kowane awa 6 suna tattara shi tsakanin buɗa-baki da sahur. Ana tunatar da su rangwamen da addini ya yi wa maras lafiya, wanda kuma ya zaɓi yin azumi a duba ko akwai maganin sau biyu a rana da ya dace da ƙwayar cutarsa.

14 Afrilu 2025

Wannan watan na ɗakin gwaje-gwaje ne.

Ba ma karɓar goge-gogen saman rauni da tsinken auduga. Abin da yake kawowa ƙwayoyin fata ne da na bandeji, sai a yi ta yaƙar abin da ba shi ne ciwon ba. Idan ana zargin ruɓewa, a ɗakin tiyata ake ɗebo nama guda 5 daga zurfi, kusa da karaya da ƙarfe, kowanne da askarsa da hantsakinsa, ba tare da ya taɓa fata ba. Kowanne yana shiga kwalbarsa da ɗan ɗigon ruwan gishiri don kada ya bushe, ya isa ɗakin gwaji cikin awa 2. Kwalbar formalin, sinadarin adana nama, da ta gwajin ƙwayoyin cuta suna kama da juna, kuma formalin yana kashe komai, don haka an liƙa wa tamu koren filasta. Idan maras lafiya ba ya cikin haɗari, ana dakatar da magani mako 2 kafin ɗiba. A wankin farko na ranar haɗari ba ma ɗiban samfuri, domin abin da ya tsira a ranar ba kasafai yake zama abin da ya ruɓar da ƙafa daga baya ba.

Sai zafi. Gwajin gano maganin da ke kashe ƙwayar cuta yana so a ajiye farantin da ake tsirar da ƙwayar a kansa a digiri 35. Yawancin na'urorin ɗumama faranti zafi kawai suke ƙarawa, ba sa sanyayawa. A Afrilu, da rana, ɗakin da ba na'urar sanyi yakan wuce wannan mataki, na'urar kuma ta bi ɗakin. Illar tana da takamaiman wuri: sama da digiri 35, ƙwayar cuta Staphylococcus aureus mai bijire wa maganin methicillin yana iya fitowa kamar mai jin magani. An sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a cikin na'urar, ana karanta shi safe da yamma, an kuma mayar da ita ɗakin da na'urar sanyinsa ke kan sola. Duk farantin da ya kwana a daren da zafi ya ƙetare iyaka, ana sake shi daga ƙwayar da aka adana.

Kaurin abincin ƙwayoyin cuta na Mueller-Hinton ya zama milimita 4, wato kusan mililita 25 a farantin milimita 90. Idan aka yi tsimi ya fito siriri, magani yana bazuwa da nisa daga ɗan faifansa da aka ɗora a faranti, da'irar da ƙwayar ba ta tsiro a cikinta ba ta yi faɗi, a rubuta "yana jin magani" ga ƙwayar da ba ta ji. Gaurin ruwan ƙwayar cuta 0.5 ne a ma'aunin McFarland. A shafa cikin minti 15 da haɗawa, a ɗora faifan magani cikin minti 15, a sa a na'ura cikin wasu minti 15. Faifan magani idan an fito da shi daga firji a bar shi ya huce kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta shiga ta kashe ƙarfinsa, kuma masu clavulanate da imipenem su suka fi saurin lalacewa. Kowane mako ana gwada faifan da ƙwayoyin awo, E. coli ATCC 25922 da S. aureus ATCC 25923. Faifan cefoxitin mai maikirogiram 30, da'irar da ba ta kai milimita 22 ba a S. aureus, bijire wa methicillin ce.

Abin da faranti ke nunawa ya zo daidai da abin da aka sani a wasu wurare: S. aureus yana nan, amma wanda ya daɗe a gado da rauni a buɗe, Klebsiella da Pseudomonas da Enterobacter ake samu. Waɗannan a asibiti ake ɗaukarsu.

12 Mayu 2025

An daidaita wankin tiyata. Ana tsawaita rauni sama da ƙasa har a ga bakin ƙashi biyu. Tsoka ana auna ta da abu huɗu: launinta, taurinta, ko tana motsi idan an tsunkule ta, ko tana jini idan an yanka. Gutsuren ƙashin da ba nama a jikinsa a fitar da shi. Wannan aiki babu maganin da zai maye gurbinsa, domin magani ta jini yake tafiya, mataccen nama kuwa jini ba ya zuwa cikinsa.

Ruwan gishiri zalla muke wanki da shi, a zuba a hankali. Gwajin FLOW na 2015, kan mutane fiye da 2,400, ya nuna waɗanda aka wanke da sabulu sun fi komawa tiyata, kashi 14.8 a kan 11.6, kuma fesawa da ƙarfi bai fi zubawa a hankali ba. Lita 3 da 6 da 9 ga mataki na I da II da III al'ada ce ta likitoci, amma ita muke bi don a samu daidaito. Lita 9 leda 18 ce ta rabin lita, kuma idan mai jinya ne zai saya, wankin yana tsayawa inda kuɗinsa ya tsaya. Ana rubuta ledar da aka zuba da gaske, ta hanyar ƙirga fankon.

Bayan wanki ana canza safar hannu, zannuwan rufi da kayan aiki kafin a taɓa ƙarfen da za a sa. Gwajin ChEETAh na 2022, wanda asibitocin Najeriya da Gana da Benin suka shiga, ya nuna canza safa da kayan aiki kafin ɗinke ciki ya rage ruɓewa daga kashi 18.9 zuwa 16.0. A tiyatar ciki aka yi shi, amma abu ne mai araha kuma hankali ya ɗauka. Gwajin FALCON na 2021, a waɗannan ƙasashe, bai samu amfanin zaren ɗinki mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta na triclosan ba, don haka ba mu kashe kuɗi a kansa.

Ƙunshin kayan aikin da ya fito daga tukunyar turarawa da danshi a jikinsa, a mayar da shi. Filastan alama na jikin ƙunshi da ya canza launi yana nuna tururi ya taɓa waje ne kawai.

16 Yuni 2025

Bayan Babbar Salla mutane da yawa sun koma ƙauye, ranar dubawa ta wuce ba su zo ba. Nan ne bincike irin wannan ke lalacewa ba a sani ba. Wanda bai dawo ba, zai yiwu ya warke, zai yiwu kuma ƙafar ta ruɓe ya yanke ƙauna ya koma wajen mai ɗori. Idan aka lissafa shi cikin waɗanda suka warke, an rage adadin ruɓewa da alƙalami. A rajistarmu yana da gurbinsa daban. Nazarin GlobalSurg na 2018 ya samu ruɓewa bayan tiyatar ciki kashi 9.4 a ƙasashe masu wadata da 23.2 a matalautan ƙasashe, kuma ana samun irin wannan adadi ne idan an bi mutum har kwana 30.

Tun ranar kwanciya ake karɓar lambar waya uku, ta maras lafiya, ta ɗan'uwa, da ta maƙwabci ko mai unguwa, tare da kwatancen gida da masallaci ko makarantar da ke kusa. Ana kiran kowace lamba a nan take a ji ta yi ƙara. Mata, nas mace ce ke kiransu, bayan an sanar da maigida tun a asibiti.

Tambayoyin waya a rubuce suke don kowa ya yi iri ɗaya. "Baba, ya jikin naku? Raunin yana fitar da ruwa? Mai kauri ne ko tsararo? Yana wari? Ɗinkin ya buɗe? Akwai wanda ya ba ku wani magani tun da kuka bar asibiti?" Sannan a roƙi hoto ta WhatsApp, a waje cikin inuwa, ba da fitilar waya ba, da murfin kwalbar ruwa a gefen rauni don a gane girmansa. Ja ba ya fitowa sosai a baƙar fata, balle a hoto, don haka ba ma dogara da shi. Duk wanda ya amsa e ga ruwa, wari ko buɗewa, ana tura masa kuɗin mota ya zo a gani da ido. Likitoci biyu da ba su san lokacin allurarsa ba su ke yanke hukunci, kowa a ware, in sun saɓa na uku ya raba.

21 Yuli 2025

Damina ta kankama, raunukan gona sun fara shigowa, da laka da taki a cikin ƙashi. Waɗannan ba sa jiran layin safe, ɗakin tiyata ake wucewa da su kai tsaye. Ana ƙara penicillin ko metronidazole miligiram 500 duk awa 8 saboda Clostridium, ƙwayar cutar da ke cikin ƙasa da taki, a tabbatar da rigakafin tetanus, a bar rauni a buɗe, a sake dubawa a tiyata cikin awa 48. Zogi mai tsanani, fata ta yi duhu, ruwa mai wari, da ƙarar iska a ƙarƙashin fata idan an danna, a kira babban likita ko da tsakar dare ne.

Taron wannan wata ya tafi a kan tsawon magani. Tsarinmu ya ce mataki na I da II a tsayar da rigakafi awa 24 bayan rufe rauni, na III kuma awa 72 daga haɗari ko awa 24 bayan an rufe, duk wanda ya riga. A aikace ana zarcewa har kwanaki, kuma hujjar masu zarcewa ba ta banza ba ce: ɗakin kwanciya a cike yake, ƙashi yana waje, ba a samu ranar rufe shi ba. Ra'ayinmu shi ne ƙarin kwanakin ba ya rufe ƙashi. Yana kashe ƙwayoyin da ke jin magani, ya bar fili ga waɗanda muka gani a faranti a Afrilu. Gyaran yana wajen rufe rauni cikin awa 72, abin da ke buƙatar likitan ƙashi da na dashen nama su shiga tiyata rana ɗaya. Mun nemi a ware rabin rana a mako don wannan, kuma ana koya wa likitocin ƙashi juyo tsokar sha-raɓa ta rufe sama da tsakiyar ƙwauri.

An ƙara gurbi a takardar magani: duk ranar da aka zarce bayan wa'adi, likita ya rubuta dalili da hannunsa, mai harhaɗa magunguna ya duba kowace safiya. Wanda ruɓewarsa ta tabbata kuma an wanke, ana mayar da shi maganin sha da zarar sakamakon faranti ya nuna wanda ya dace, bisa gwajin OVIVA na 2019 a Birtaniya, wanda ya nuna sha bai gaza allura ba a ciwon ƙashi da gaɓa.

Alƙaluman ruɓewa suna rufe har wanda aka rubuta na ƙarshe ya cika kwana 90. Kafin nan, a Agusta, mutum biyu za su sake shigar da fom ɗaya cikin kowane goma a kwamfuta, kowa daban, a kwatanta gurabun lokaci uku da fayil na asali. Odar cefazolin ta wata uku za ta fita a makon nan.